Haruffa goma, gaɓa biyu: rikicin "mangeaient" a bakin Bahaushe

Kwanaki 'yar ƙanwata da ke aji biyu a ƙaramar sakandare ta turo min saƙon murya ta WhatsApp, wai Kawu an ba mu karatun Faransanci gobe malama za ta tashe mu ɗaya bayan ɗaya, saurara ka ji ko na iya. Jimlar ma gajera ce, les enfants mangeaient du riz, wato yara suna cin shinkafa a can baya. Yarinya ta ɗauko da ƙarfinta, tana isowa kan aikatau ɗin sai na ji "man-ge-a-yen-ti". Gaɓa biyar cif. Wallahi sai da na ajiye wayar na yi dariya ta ishe ni, amma da na nutsu sai na ga ai ba ta da laifi ko kaɗan, ta karanta ne yanda aka koya mata karanta Hausa, duk harafin da ka gani a takarda ka ba shi haƙƙinsa. Shi kuwa Bafaranshe abun da zai ce kawai "man-je", gaɓa biyu, shikenan ya wuce.

Ku ƙirga da kanku: m, a, n, g, e, a, i, e, n, t. Haruffa goma. Sautin da ke fita a baki kuwa huɗu ne kacal, baƙi wasali, baƙi wasali. To ina sauran shidan suka shiga? Mutane da yawa amsarsu ita ce wai Faransawa ne da son ɓarnar tawada, ni kuma ban yarda da wannan ba, don in ka bi su ɗaya-ɗaya za ka tarar kusan kowanne yana da aikin da yake yi, aikin ne dai ba na fitar da sauti ba. Kuma abun da ya kamata mai koyo ya fara riƙewa shi ne a Faransanci gaɓa iri biyu ce, akwai wadda ido ke rabawa a takarda akwai wadda kunne ke ji, kuma ba kullum suke zuwa daidai da juna ba.

Gaɓar farko, man. Wannan n ɗin ba n ba ce da za ka ɗora harshe a hanƙa ka furta, alama ce kawai da ke cewa wasalin da ke gabanta ta hanci zai fita. Wato a da n sun haɗu sun zama sauti guda. Mu abun da ya fi kusa da shi a wajenmu shi ne yanda muke ƙarasa "nan" ko "can", amma ko a nan ɗin ma muna rufe maƙogwaro a ƙarshe, su ba sa rufewa, baki a buɗe yake iska na bi ta baki da hanci lokaci guda. Gwada cewa "can" ka tsaya kafin ka rufe, to ka kusa.

Sai g da e ɗin da ke bin ta. A ƙa'idarsu g in ta zo gaban e ko i tana laushi ta koma kaman j, in kuma ta zo gaban a ko o ko u sai ta yi tauri kaman g ɗin "gari". To saiwar aikatau ɗin mang ce, wutsiyar da za a liƙa mata kuma da a ta fara, da an haɗa su kai tsaye da sai a karanta da g mai tauri, kalma ta lalace. Shi ne aka cusa e a tsakani ta zama mai gadi, ba ta magana, tsayuwa kawai take don g ta ci gaba da laushi. Shi ya sa za ka ga nous mangeons da e, amma nous mangions babu, tunda i ta riga ta yi aikin. Ita kuma j ɗin tasu ba irin ta Kano ba ce mai ɗan tsayawa a farko, tana zuwa a sulale ne kaman sh da aka sa wa murya, kuma abun mamaki 'yan uwanmu na yamma da na Nijar da yawa haka j ɗinsu take ko a Hausa, don haka su wannan a ɓagas suke samun ta.

Yanzu a da i, wato ai ɗin nan, wadda ita ce ainihin wasalin gaɓa ta biyu, ana furta ta kaman e mai buɗe baki. Ita ce alamar lokacin da suke kira imparfait, abun da ake cikin yi ko aka saba yi a da. Labarinta yana da ɗan daɗi. Da can ba ai ake rubutawa ba, oi ne, mangeoient, kuma har sunan yaren kansa françois ake rubuta shi. Furuci ya canza ya bar rubutu a baya, mutane suna cewa e amma hannu na rubuta oi, aka yi ta jayayya shekara da shekaru, marubucinsu Voltaire yana cikin waɗanda suka dage a koma ai, amma hukumar kula da harshen, Académie française, wadda aka kafa tun 1635, ba ta amince ba sai a bugu na shida na ƙamus ɗinta a 1835. Voltaire ya mutu tun 1778, bai ga ranar ba. Sunan mutum François shi ne ya tsira da tsohon rubutun, shi kuma furucinsa ya bi wata hanya daban. To kun ga in Faransawa sun gyara rubutu ma a hankali suke yi kaman mai tafiya kan ƙaya, sun gyara harafi ɗaya sun bar uku a bayansa.

Ukun nan su ne ent, kuma su ne uwa uba a wannan rikici. Gado ne daga Latin, inda aikatau na jam'i, "su", yake ƙarewa da nt kuma a lokacin ana furta shi sarai. Manger kanta daga manducare ta fito, wato tauna. Shekaru suka yi ta cin ƙarshen kalmomi a baki har wutsiyar ta yi shiru gaba ɗaya, amma marubuta suka riƙe ta. Duk wanda ya zauna gaban alaramma ba zai ga wannan baƙon abu ba, tuna alif ɗin da ake rubutawa bayan wau a ƙalu ko amanu, wa ya taɓa karanta shi? Yana nan dai a allo yana shaida maka cewa wannan wau ɗin ta jam'i ce. To ent kusan haka take, shaida ce ta ido.

Sakamakon wannan shi ne il mangeait, yana ci, da ils mangeaient, suna ci, a kunne abu ɗaya ne sak, "il man-je", don s ɗin ils ma shiru take. Je mangeais, tu mangeais, duk sautin aikatau ɗin ɗaya. A Hausa aikatau ba ya canzawa amma "yana" da "suna" suna raba maka gardama tun daga farko, su kuwa a nan ko wakilin sunan bai cece su ba, sai dai ka duba zancen da ya gabata ka gane mutum nawa ake nufi. Wannan ne ya sa dikte, wato shifta, ya zama dodon 'yan lakwal, 'yan boko kenan a Nijar, duk wanda ya yi karatu a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa tambaye shi, mushe, wato malami, yana zagaya aji yana karantowa a hankali, kai kuma ba abun da kunnenka ya ji kake rubutawa ba, lissafi kake a zuci, su waye suka ci, ɗaya ne ko da yawa, in sa t ko in sa ent. Ko da Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025 ta bar Faransanci a matsayin harshen aiki, wannan lissafin dai yana nan yana jiran duk yaron da zai rubuta Faransanci. Mu kuma kada mu yi musu dariya da yawa, namu rubutun akasin nasu ne, muna faɗin abun da ba ma rubutawa, "gari" na zama da "gari" na tuwo, "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya, baƙo in ya ga takarda ina zai san tsawon wasali da karin sauti?

Amma fa kar wani ya ce to tunda ent shiru take bari in share ta daga kaina. A nan ne abun yake da ban sha'awa, don a aikatau da yawa ita ba ta magana amma tana tayar da na kusa da ita daga barci. Il part, yana tafiya, ana cewa "par", t ɗin a kwance. Ils partent, sai ka ji "part", t ta fito. Il sort "sor", ils sortent "sort". Il finit "fini", ils finissent "finis". Il lit "li", ils lisent "liz". Il dit "di", ils disent "diz". Dalili shi ne baƙin ƙarshe a Faransanci yawanci shiru yake sai in an rubuta e a bayansa, to e ɗin ent ce ta ba shi izinin fita. Wani lokaci ma har wasalin take taɓawa, il vient wasalinsa ta hanci yake fita babu n, ils viennent kuwa "vyen" ne da n ɗinta cikakkiya wasalin ya dawo baki, haka il prend da ils prennent. Wato a irin waɗannan, jam'i a kunne ba wata ƙarin gaɓa ba ce, baƙi ɗaya ne da ya rufe gaɓar. In ka cire irin su part da sort, gaɓa buɗaɗɗiya tilo, rufaffiya jam'i. In mai koyo ya kama wannan ya huta da rabin wahala.

Kuma su kansu Faransawan kunnensu ya saba da wannan tsarin har yana kai su ga kuskure. Il croit da ils croient duk "krwa" ne, babu bambanci, sai ka ji wasu suna cewa ils croivent, suna kwaikwayon il boit, ils boivent da il doit, ils doivent. Masu ƙa'ida suna jin haushin wannan sosai, abun tsokana ne a can, amma ni a ganina ba jahilci ne zalla ba, baki ne yake neman cike gurbi, yana so jam'i ya ji shi a kunne kaman yanda ya saba.

To t ɗin ƙarshen fa, ta mutu kenan har abada? A'a. Juya jimlar ta zama tambaya, mangeaient-ils, sai ka ji "man-je-til". T ta farka, kuma lura da inda ta je, ba ta tsaya a gaɓar je ba, tsallakawa ta yi ta zama farkon gaɓar gaba, til. Wannan shi suke kira liaison, sadar da kalma da kalma. Nan ma almajiri ya riga kowa ganewa, ta-kuri ce, in ka yi waƙafi a kanta ka ce rahma, in ka sadar ka ce rahmatullahi, harafin yana nan, matsayinsa ne ke sa a ji shi ko kar a ji. A irin wannan tambayar dole ne a furta t ɗin, amma a tsakiyar magana kaman ils mangeaient ensemble ganin dama ne, mai karanta labarai ko mai jawabi zai iya sadarwa, mai hira a shago ba lallai ba. Har ta kai sun saba da t ɗin tambaya sosai suka ƙaƙaba ta a inda babu ita a rubutu, il mange babu t amma tambayarsa mange-t-il.

Wannan tsallaken da baƙi ke yi shi ne ya sa raba gaɓa a Faransanci ba a kan kalma ɗaya-ɗaya ake yin sa ba, a kan numfashi ake yi. Ils aimaient, suna so, ba "il, e-me" ba ne, "il-ze-me" ne, s ɗin da ta yi shiru a ils mangeaient ta dawo da muryar z ta manne wa wasalin gaba. Kuma ga amfaninta, il aimait "i-le-me", ils aimaient "il-ze-me", a nan kam kunne ya raba tilo da jam'i. Sai dai a yi hattara da s da z. Ils ont "il-zon" suna da, ils sont "il-son" su ne. Ils aiment "il-zem" suna so, ils s'aiment "il-sem" suna son juna, kuma ils sèment, suna shuka, shi ma "il-sem". Mu da ke da s da z daban a harshenmu wannan bai kamata ya ba mu wuya ba in dai an nuna mana. A maganar yau da kullum ma l ɗin takan faɗi, ka ji "i man-je", "i-ze-me", kar ka ɗauka wani sabon abu ne.

Inda Bahaushe ke shan wuya da gaske shi ne irin su ils parlent. A takarda gaɓa biyu ce, par da lent, a baki kuwa ɗaya ce, "parl", baƙi biyu a jere a ƙarshe ba wasali. Gaɓar Hausa kuwa iri uku ce kawai, baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwai, sai baƙi wasali baƙi. Ba mu da gaɓar da ke rufewa da baƙi biyu, ba mu da mai farawa da biyu, shi ya sa duk kalmar da ta shigo mana sai mun yi mata kwaskwarima. Dubi gendarme, a bakinsu gaɓa biyu ce mai ƙarewa da rm, mu muka ce jandarma, muka mai da wasalin hanci ya zama a da n, muka ƙara a a ƙarshe, gaɓa uku. Harshen da ya yi wa gendarme haka shi ne zai so ya ce "parla" ko "parli", ko kuma ido ya ja shi ya ce "parlan", wanda shi ne mafi muni don ya koma wata kalma, parlant. Haka mangent in ka ce "manjan" ka faɗi mangeant ne. Ils entrent ma ya fi tsanani, "il-zantr".

Amma kuma abun dariyar, wannan ɗabi'a tamu ta cusa wasali ba mu kaɗai ke da ita ba. Su ma in baƙaƙe suka yi musu cunkoso sukan saki ɗan gajeren wasalin nan nasu mai rauni. Ils parlent français, r da l da f da r a jere, da yawa za ka ji wani ɗan e ya leƙo bayan l. Parlent-ils ma haka, yakan fito gaɓa uku. Wani masanin furuci, Maurice Grammont, ya yi bayanin wannan tun 1894, ana kiran sa dokar baƙaƙe uku. Har a inda babu e a rubuce suna sa shi, ours blanc, farin beyar, za ka ji ɗan wasali tsakanin s da b. Mutanen kudancin Faransa kuwa, wajen Marseille da Toulouse, su e ɗin ƙarshe a raye take a bakinsu kullum, parlent gaɓa biyu ce a wajensu ba kunya. Abun da ba wanda ke yi dai a cikinsu shi ne furta n ɗin.

A waƙa kuma lissafin daban ne. A tsohuwar ƙa'idar waƙarsu, wadda ake ƙirga gaɓoɓi a kowane layi kaman yanda namu marubutan ke auna baiti, ent bayan baƙi ana ƙirga ta gaɓa guda. Taken ƙasarsu ma, wanda Rouget de Lisle ya rubuta a 1792, akwai inda ake cewa ils viennent, kuma in ka saurara a filin ƙwallo za ka ji sun ja ta gaɓa biyu, "vye-ne", alhali a hira "vyen" ce guda. Amma aient ta imparfait ko a waƙa gaɓa ɗaya ce, don haka mangeaient ba ta da inda za ta kai uku balle biyar. 'Yar uwarta mangeraient ce mai fuska biyu, a takarda da waƙa man-ge-raient uku, a hira e ɗin tsakiya ta faɗi ta koma "manj-re".

Saura tarko ɗaya, kuma shi ne ke kama har waɗanda suka yi nisa. Ba kowace ent ce ke shiru ba, ta aikatau mai bin "su" ce kaɗai. A suna ko bayanau kaman vent, argent, souvent, lentement ana furta ta da wasalin hanci. Akwai jimlar da malamai ke son jefa wa ɗalibai, les poules du couvent couvent, kajin gidan 'yan zuhudu suna kwanci, rubutu ɗaya sau biyu, na farko "ku-van" na biyu "kuv". Haka le président da ils président, "pre-zi-dan" da "pre-zid", haka un parent da ils parent. Kuma ko a aikatau ɗin ma sai ka duba waye mai aikin, il sent da il ment ent ɗinsu ta saiwa ce ba wutsiya ba, ana jin ta. Mafi sharri il convient, ya dace, "kon-vyen" da wasalin hanci, da ils convient, suna gayyata, "kon-vi". Wato ba za ka iya raba gaɓar kalma ba sai ka fara sanin matsayinta a jimla, nahawu ne ke gaba furuci na biye. Sannan ga 'yan tawaye huɗu da ke ƙarewa da ont kuma ana jin wasalinsu, sont, ont, font, vont, tare da duk aikatau na lokaci mai zuwa kaman mangeront.

Ita dai 'yar tawa ban zuba mata duk wannan ba, na ce mata uwata ɗauki fensir ki ja layi a ƙarƙashin man, ki ja wani a ƙarƙashin geai, sauran ukun ki rufe su da yatsa ki karanta abun da ya rage. Ta sake turowa, "le-zan-fan man-je du ri", har z ɗin les enfants ta kamo da kanta ban faɗa mata ba, sai dai u ɗin du ta fito irin tamu ta "duma", wannan kuma na ce mata sai na zo gida, don ba a gyara laɓɓa ta waya.